Fetur na ƙetare iyaka kowane dare, me ya hana gawo ƙetarewa?

Ɗan Gulbi (Jibiya):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙoshi tun makon jiya.

Na je ta'aziyyar innarmu, ƙanwar mahaifiyata, a wani ƙauye gaba da Agye cikin jihar Maraɗi. Rabona da wajen tun ina saurayi. Abin da na riƙe a kaina rairayi ne da iska, fili fetal, in ka tsaya a bakin gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. Wannan karon da ɗan kabu-kabu ya sauka daga kwalta da ni, na ɗauka ɓatan kai ya yi. Gona bayan gona itace ne a tsaye: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Bayan addu'ar uku ɗan marigayiyar ya kai ni gonarsa, na ƙirga da yatsa na samu 41, a gonar da ba ta fi tawa ba. Tawa 3 gare ta, ɗaya ma bedi ce a kan iyaka, har yau muna musu da maƙwabcina kan wa ke da ita.

Na ce masa, ina ka sayi dashe, kuma wa ke yi maka ban ruwa da rani? Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ko ɗaya ban dasa ba. Bari kawai na yi."

Da na dawo ta Ɗan Isa na ƙetaro Magama, babbar motar da na fara gamuwa da ita gawayi ta ɗauko, buhu kan buhu har tana rangaji. Shi ne nake tambaya: fetur na ƙetare iyakar nan, shinkafa na ƙetarewa, taliya, atamfa, har da abin da ba a faɗa. Aure ma yana ƙetarewa, ga ni nan shaida. Me ya sa wannan dabara ta gagara ƙetare tafiyar da ba ta kai wuni guda ba, shekara 40?

Baba Na-Agye:
Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan innarku, shi ba ku haƙuri. Ɗana, abin da ka gani sunanshi sassabin zamani. Kuma kada ka ɗauka mun hi ku wayo, wuya ce ta koya muna.

Ni na ga 1984 da idona. Wagga yunwa a wajenmu El-Buhari aka sa mata suna, don a shekarar ne aka ruhe iyaka daga wajenku, hatsin da muka saba samu daga Katsina da Kano ya yanke, ga hwari. A lokacin manomin kirki shi ne wanda gonarshi ta yi tas, ya sassabe komai ya tara ya ƙone. In ka bar tsiro a gona sai a ce rago ne. Wani bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki Maraɗi, ya gaji da dasa itace suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsiron da muke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itace ne da sauyoyinsu ke raye ƙarƙashin ƙasa. Da yunwa ta zo aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Mun bari don cikinmu, ba don mun yarda ba. Mahaukacin bature muke ce mashi a bayan ido. Ana gama rabon abinci mahi yawan mutane suka ɗauki gatari. Amma waɗanda suka bari, shekara biyu uku sai ga matansu sun daina tahiyar wuni neman makamashi, kuma iskar hwarin damina ba ta binne masu shuka. Ni sau uku na taɓa yin shuka a shekara guda saboda rairayi. Daga nan babu wanda ya sake yi muna wa'azi, ido ne ya yi aikinshi.

Gaskiya Ɗaci (Kano):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma ni duk labarin da aka ce bature ne ya zo ya koya wa Bahaushe noma, sai na ɗan ja baya. Kakanninmu ba su san gawo ba sai 1983? Ku zo karkarar Kano ku gani, tsakanin Minjibir da Gezawa, gonaki cike da ɗorawa da kuka da tsamiya tun kaka da kakanni, kowace bishiya da mai ita, har gadonta ake rabawa.

Baba Na-Agye:
Ba ka yi ƙarya ba, yaro. Shi kanshi baturen bai ce shi ya ƙirƙiro ba. Tsohwahhinmu na cewa a Damagaram zamanin sarakunan da, wanda ya sare gawo ba da izni ba sai ya yaba wa aya zaƙinta. Abin nan namu ne, mantawa muka yi. Ka tambayi abin da ya mantar da mu.

Malama Mai Gandu (Dutse):
Baba, in ka yi mini izini in amsa wannan, don a nan aikina yake.

Doka ce ta mantar da su. Tun zamanin Faransa itace na hukuma ne, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe a ci ka tara. To wa zai raini ɗan da ba nasa ba, kuma ɗan ya jawo masa sammaci? Sai manomi ya riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami kafin ma'aikacin daji ya gan shi. Abin ya fara sakin jiki ne da aka sassauta, aka yi dokar karkara ta 1993, aka sake dokar daji a 2004, daga baya a 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman da ta amince cewa wanda ya raini itace a gonarsa shi ke da amfaninsa. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, akasari a Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar ramukan shuka.

Kuma Malam Ɗan Gulbi, ba gaskiya ba ne a ce dabara ba ta ƙetare iyaka. Waɗannan ramukan da Mosawan Burkina ke kira zai, a jihar Tawa ta Nijar tassa ake ce musu. A 1989 aka ɗauki wasu manoma daga yankin Illelar Nijar aka kai su Yatenga a Burkina Faso suka gani da idonsu. Suka dawo suka haƙa a faƙon da ko akuya ba ta tsayawa. Bayan 'yan shekaru faƙo ya koma abin saye da sayarwa a wajen Badagishiri. Kuɗin mota da na abinci kawai aka kashe. Su da Mosawa ko harshe ba su haɗa ba. Mu da Maraɗi kuwa uwa ɗaya uba ɗaya, sarkinsu ma Sarkin Katsina ake kiransa har gobe.

Ɗan Gulbi (Jibiya):
Malama, ai kin ƙara mini ciwo. Wato ba harshe ba ne, ba nisa ba ne.

Hajiya Mai Wake (Dawanau):
Ni ba manomiya ba ce, amma shekara 22 ina sayen wake da riɗi da aya daga hannun mutanen Nijar. Malam, amsarka mai sauƙi ce: fetur yana da riba a daren, itace sai bayan shekara uku. Kuma fetur yana da masu rakiya. Wa zai samu na goro a shinge in dabarar sassabe ta wuce?

Bara wata motata ta taso daga iyaka zuwa Kano, yaron motar ya riƙa rubuta mini duk inda aka tsayar da su a bayan kwalin sigari. Da ya kawo kwalin babu sauran wurin rubutu. Ba zan kama sunan kowa ba, masu kaki ne kala-kala, har da marasa kaki masu igiya da gungume. Duk kuɗin nan a kan mudun wake yake sauka, mai ƙosai ce ke biya. To in kuna maganar haɗin kai, ku fara daga nan.

Ɗan Zango (Kumasi):
Hajiya ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Albasar Galmi ce ke riƙe da tukwanen Ghana wata da watanni, kuma yawancin masu kawo ta 'yan'uwanmu ne. Albasa ba ta jiran takarda. Kwana biyu a rana a bakin iyaka, ƙasan mota ya fara ruwa.

Abin dariya, ofishin kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a nan Ghana yake, a Accra. A Kigali aka sa hannu a 2018, a Yamai aka ƙaddamar ranar 7 ga Yulin 2019, a ranar ce ma Najeriya ta sa nata hannun. Ba a yi wata biyu ba, cikin Agusta, Najeriya ta garƙame iyakokinta na ƙasa. Sai Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme.

Ɗan Gulbi (Jibiya):
Mu kuwa sai Afrilun 2022 aka tuna da mu. Ba mu gama miƙe ƙafa ba aka sake rufewa a 2023.

Ɗan Sahel (Yamai):
Yawwa, an zo wurin. Ina ta karatu ina jiran wanda zai ambaci 2023. Kuna ta 'yan'uwa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina 'yan'uwantakar take lokacin da kuka yanke muna wuta a farkon Agusta, mako guda bayan juyin mulkin 26 ga Yuli? Wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga wajenku take zuwa a lokacin. Ni ina da ƙanwa mai sayar da ƙanƙara da lemun ɗauri, jarinta ya narke a cikin firji a kwana uku. Magani ya yi wuya, shinkafa ta tashi. Sojan da kuke fushi da shi janareto gare shi. Sai ƙarshen Fabrairun 2024 CEDEAO, wato ECOWAS, ta ɗage takunkumi, bayan mun riga mun ce mun fita. Yanzu muna da AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, mu da Mali da Burkina. Ku riƙe haɗin kanku, mu riƙe gawonmu.

Gaskiya Ɗaci (Kano):
Sannu Sahel. Wa ya yanke muku wuta, ni? Mu da kanmu wutar muke gani? Kuma ka manta sanatocin arewa da malamai da sarakuna su suka tsaya kai da fata cewa ba za a kai yaƙi Nijar ba? Wa ya fara samun ganin Janar Tiani ido da ido daga wajenmu in ba Sarki Sanusi da tawagar malamai ba? Ku da kuka hana fitar da hatsi a 2024 sai zuwa Mali da Burkina fa, Bamako ta fi Katsina kusa da Maraɗi ne?

Ɗan Sahel (Yamai):
Wanda aka kulle wa ƙofa wata bakwai shi za ka koya wa zumunci?

Shugaban Zaure:
Sahel, Gaskiya Ɗaci, ya isa haka. Akwai dattawa a zauren nan. Maganar itace da ruwa ake yi. Wanda ya sake kawo mana Tinubu da Tiani zan cire saƙonsa.

Injiniya (Birnin Kebbi):
Shugaba, a yi mini afuwa, zan taɓa wutar amma ta fuskar ruwa, don ba sa rabuwa.

Layin da Sahel yake magana a kai daga garinmu ya tashi zuwa Yamai, tun 1976. Mutane da yawa a nan suna ɗauka kyauta muke ba su, ko kuma wauta ce muna cikin duhu muna haska maƙwabci. Ba kyauta ba ce, saye suke. Kuma akwai abin da ya fi kuɗin. Kogin Kwara daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya ratsa Nijar, sannan ya shigo mana ta Kebbi ya cika Kainji, wadda aka gama a 1968, ya wuce Jebba. Jami'anmu da bakinsu sun sha faɗa cewa ana ba Nijar wuta ne don kada ta tare kogin daga sama. Wato ruwa ya gangaro, wuta ta hau. Ranar da aka kashe layin nan, an gaya wa kowane ɗan Nijar cewa wannan ciniki ba abin dogaro ba ne.

Yanzu suna gina madatsar Kandaji a jihar Tilaberi, megawat 130. An daɗe ana jan ƙafa, an aza harsashi a 2008, aka sake tayar da aikin a 2019. Ko ba jima ko ba daɗe za a gama. Ni ban ga laifinsu ba, da ni ne ma haka zan yi. Abin da ya rage shi ne a zauna a yi lissafin ruwan da za a riƙa saki da rani. Wurin zaman ma akwai shi: Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe 9, hedikwatarta a Yamai. Fita daga ECOWAS bai fitar da kowa daga kogi ba.

Ɗan Sahel (Yamai):
Injiniya, wannan magana na yarda da ita. Kai kaɗai ka faɗi abin yadda yake.

Baba Na-Agye:
To tunda an zo ga ruwa, Ɗan Gulbi, bari in juyo da tambayarka kanka. Kai kana kukan gawo bai ƙetaro ba. Mu kuma muna kukan gulbi ya rage ƙetarowa. Gulbin Maraɗi ai naku ne kahin shi zama namu: Gada kuke ce mashi, shi wuce garinku, shi shigo Madarunhwa, Maraɗi, Tsibiri, Gidan Runji, sannan shi sake komawa wajenku shi haɗu da Rima. Baƙo ne da ke kwana gidanmu shi koma gida. Da, in ya yi ambaliya ya janye, mutanen hwadama na shuka a danshin da ya bari ba tare da ban ruwa ba. Tun da aka yi dam ɗin Jibiya, tsohwahhin Madarunhwa za su gaya maka ruwan ba kamar da ba.

Ɗan Gulbi (Jibiya):
Baba, ka kama ni. Wallahi ina wucewa ta bakin dam ɗin nan kusan kullum, ban taɓa kawo ku a raina ba. Mu kukanmu kullum shi ne ga ruwa kwance amma noman ranin bai kai yadda aka yi mana alkawari ba. Ashe mun tare muku, mu ma ba mu ci da kyau ba.

Injiniya (Birnin Kebbi):
Kun ga abin da nake faɗa. A Kwara su ne a sama mu a ƙasa, a Gada mu ne a sama su a ƙasa, in gulbin ya zagayo Sabon Birni kuma mun sake komawa ƙasa. Ba wanda zai yi wa wani gadara. Kuma an yi takarda a kan wannan: yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa, kwari huɗu ta ambata, Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai Komadugu Yobe. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 ita ke riƙe da ita. Ku tambayi manomi ɗaya a Jibiya ko Madarunfa ko ya taɓa jin sunanta.

Mai Tattasai (Diffa):
An ambaci Komadugu, dole in fito. Mu a nan kogin shi ne iyakar. Tattasan Diffa da kuke saye a buhu da ruwansa ake nomawa, kuma naira muke karɓa fiye da sefa. Amma makullin ruwan yana Kano: Tiga tun 1974, Challawa tun 1992. In aka riƙe, mu bushe. In aka saki babu sanarwa, sai dai mu tashi cikin dare mu ga gona ta zama tafki. A tsakani kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a wajen Hadeja da Nguru. Ni ba na neman taro a otal. Saƙon waya nake nema: ranar kaza za mu buɗe, ku ɗauke injinanku daga bakin kogi. Ko a rediyo.

Tafkin Chadi kuwa kada ma a fara. An kafa hukumarsa a 1964 lokacin yana da faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000. Tun ina yaro nake jin za a jawo ruwa daga kogin Kwango a cika shi, har taro aka yi a Abuja a 2018. Gemuna ya yi fari.

Gaskiya Ɗaci (Kano):
Shi ya sa ni duk wani abu mai suna babba nake tsoronsa. Ina Babbar Koriyar Ganuwa, shirin nan na zirin itace don tare hamada? Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kilomita 8,000, za a farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya ce abin da aka yi a cikin zirin bai wuce hekta miliyan 4 ba. Manoman su Baba da adda da gatari sun fi haka. A 2021 aka sake yin alkawarin dala biliyan 14 a Faris. Duk damina a kira 'yan jarida, babban mutum ya tsuguna da farar shadda ya dasa ɗaya, a zuba mata ruwan gora. Ka koma watan Maris ka ga abin da akuya ta bari.

Malama Mai Gandu (Dutse):
Gaskiya Ɗaci, ka yi mana adalci kaɗan. Akwai layukan darbejiya a arewacin Jigawa da Katsina da aka dasa tun shekarun 1980 suna nan suna tare iska, haka na kwarin Majiya a Nijar. Dashe ba banza ba ne, inda sauyoyi suka mutu ƙurmus dole sai shi. Kuma masu Ganuwar su ma sun sauya tunani, yanzu ba zancen jera itace a layi ɗaya ake ba. Inda na yarda da kai shi ne lissafi: dashe yana da kwangila, akwai leda, akwai tankar ruwa, akwai waya ta shinge. Sassabin zamani ba shi da abin da za a saya. Aikin da ba a sayen komai a cikinsa ba ya samun mai kai shi gaban majalisa.

Amma akwai abin da ba mu faɗa ba. A Nijar itace shi ne asusun manomi saboda ba shi da wani. Namu manomin yana da takin zamani in ya samu, yana da cirani a Kano da Legas, ga tarakta da ba ta son kututture a gabanta. Sai kuma gona ta aro ko ta haya: wa zai raini gawo a gonar da za a karɓe baɗi?

Ardo (Maigatari):
Kun yi ta magana ba ku tambayi mai shanu ba. Mu muka fi kowa sanin iyakar nan, don dabba ba ta san tuta ba. Da damina mu hau arewa, in an yi girbi mu gangaro. Gawo abokinmu ne: shi kaɗai ke zubar da ganye da damina, gero ya samu rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma ya yi kore shar lokacin da babu komai. 'Ya'yansa kuwa saniya ta fi son su da dusa. Kuma ku sani yawancin gawon da kuke gani daga cikin hanjin dabbobinmu ya fito, ƙwayar ba ta tsira da kyau sai ta bi ta ciki.

Amma in faɗi gaskiya, sassabin nan ya taɓa jawo mana rigima. Da, itacen daji na kowa ne, yaro ya hau ya sassaro wa tumaki. Yanzu kowane yana da mai shi. Wani ƙanena ya taɓa biyan tara a can saboda reshe biyu. Garuruwan da abin ya zauna lafiya su ne inda aka sa makiyayi cikin kwamitin tsaron itacen, aka bar burtali a buɗe. In za ku kawo dabarar nan wajenmu ku kawo ta da wannan, kada ku ɗauko rabi.

Baba Na-Agye:
Ardo ya yi gaskiya. A Ɗan Saga, nan kusa da mu, haka suka yi: kwamiti da maza da mata da Hilani, kowa da bakin magana. Kahin nan ɓarayin itace da dare suke zuwa, ka raini abu shekara huɗu ka wayi gari sai kututture. Mutum ɗaya ba shi iya wannan aiki, sai gari ya yarda.

Hajiya Mai Wake (Dawanau):
Ni dai ina jiran jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi. Kilomita 284 aka ce, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashi. Lokacin 'yan kudu sun yi ta surutu wai an kai kuɗin Najeriya ƙasar waje. Su zo Dawanau su ga daga ina waken da suke ci a Legas yake fitowa. Jirgi dai ba a tare shi da gungume.

Gaskiya Ɗaci (Kano):
Hajiya, kada ki ba su shawara.

Ɗan Gulbi (Jibiya):
Jama'a na gode. Na shigo da tambaya ɗaya na fita da bashin gulbi a wuyana.

Akwai dalili ɗaya da ban faɗa ba tun farko, don yana da nauyi. Gonakinmu na yamma da gari, wajen daji, shekaru ke nan ba ma iya zuwa sai da fargaba. Mutanen ƙauyukanmu da yawa suna can wajen Ɗan Isa da Gidan Runji suna gudun hijira, wasu tun 2019, kuma 'yan'uwan su Baba ne suka buɗe musu ƙofa tun kafin wata ƙungiya ta zo. Har wani ya ce mini barin itace a gona ba wa ɓarayin daji maɓoya ne. Ban san me zan ce masa ba. Sai dai na lura waɗanda suka dawo daga can, biyu a unguwarmu, bana ba su ƙone sabararsu ba.

Baba, ni zan gwada a gonata ta kusa da gari. Akwai kututturen kalgo da sabara da nake fama da su duk shekara. Yaya ake yi, kuma yaushe?

Baba Na-Agye:
Lokacin sassabe, kahin ruwan hwari. Kowane kututture ka duba tsiron da suka hito, ka zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarhi, uku zuwa biyar, sauran ka cire. Waɗanda ka bari ka aske masu rassan ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce, in ka yi masu ƙwal iska na karya su. Adda ta zama mai kaihi, kuma daga ƙasa kake sara zuwa sama don kada ɓawon shi yage. Ka ɗaura ɗan tsumma ja a jiki don mai neman makamashi shi san da mai shi. Kada ka bar duka a shekarar hwari, gero na son rana. Baɗi ka sare ɗaya cikin biyar ɗin ka kai gida, ka bar sabon tsiro shi maye.

Ka hwara gaya ma mai garinku da maƙwabtan gonarka, har da wanda kuke musun bedi. Kuma ka shirya ma dariya, shekara biyu za a yi ana ce maka rago.

In hanya ta yi kyau bayan Salla ka taho da mutum huɗu ko biyar, kwana ɗaya ya isa. Ka zo muna da hoton dam ɗin, ina son in ga inda ruwanmu ke kwana.

Malama Mai Gandu (Dutse):
Baba, in da wuri a motar ni ma ina ciki, da manoma biyu daga wajen Maigatari.

Ardo (Maigatari):
Ɗaya daga cikin biyun ya zama mai shanu, Malama.

Ɗan Sahel (Yamai):
Ku riƙe katin shaida da na rigakafi, ana tambaya yanzu. Kuma ku canji sefa tun daga Magama, a ciki ba kowa ke karɓar naira ba kamar da.